Na'ura ta ce 97, ni kuma ina haki a kan Dala

Abban Walida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, amma don Allah a riƙe dariya tukuna. Likita ya ce sukarina ya fara hawa, in rage zaman shago in riƙa motsa jiki. To yau bayan asuba na ja yarona muka nufi Dutsen Dala. Rabona da hawa dutsen nan tun ina firamare. Ban kai rabin matattakala ba na fara haki kamar wanda kare ya biyo, sai da na zauna sau biyu. Da muka kai sama yaron ya zaro 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini, wadda na saya lokacin Korona, ya ce Abba bari mu gani ko iskarka ta ƙare. Wallahi 97 cikin 100 ta nuna. Muka sauya yatsa, 98. A gida ina kishingiɗe ma 97 take nunawa. To in iskar ba ta ragu ba, hakin na mene ne? Ko na'urar ce jabu?

Ɗan Fagge:
Alhaji ba na'ura ba ce jabu, tumbin ne na gaske. Shekara ashirin ana zaune a Kwari ana aika yaro siyo masa da miyar taushe.

Abban Walida:
Kai dama na san ba za ka bari ba. Allah ya shirye ka.

Koci:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abin a fili yake. Huhunka ne ya tsuke saboda rashin tirenin, iskar oksijin ba ta isar jini, shi ya sa jiki yake neman ƙari. Ka yi wata biyu kana zagaye huhun zai buɗe. Ni yarana da suke zagaya filin Kofar Mata haka suka fara. Na'urar nan kuwa ban yarda da ita ba.

Maman Sadik:
Koci, da girmanka, amma na'urar ba ta yi ƙarya ba. Mu da muke aiki da ita kullum a ɗakin marasa lafiya mun san takan ruɗe in yatsa ya yi sanyi, ko akwai lalle mai duhu ko jan farce, ko hannu yana rawa. Amma mai lafiya ko gudu yake yawanci jininsa cike yake da oksijin. Abin da aka koya mana shi ne ba ƙarancin oksijin ne yake tuƙa numfashi ba, iskar da jiki yake fitarwa ce, kabon dayoksaid. In ta taru a jini sai ƙwaƙwalwa ta ce a ƙara numfashi. Alhaji ya hau dutse, tsokokinsa sun yi aiki sun tara ta, shi ke nan.

Koci:
To ai duk ɗaya ne Hajiya. Iska dai ce ta samu matsala.

Maman Sadik:
Ba ɗaya ba ne. Mai shago da kaya suka ƙare masa daban, wanda shara ta cika masa shago daban.

Auta:
Anti gaskiya ta faɗa, bana muka yi shi a aji biyu. Cibiyar numfashi tana gindin ƙwaƙwalwa, saitin ƙeya, inda ƙwaƙwalwa take haɗuwa da laka. Ana kiran wurin medula, sama da shi kuma akwai pons. A cikin medula akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi da yake buga kiɗan numfashi, shaƙa, saki, shaƙa, saki, ko kana barci. A 1991 masu bincike a Amurka suka nuna wurin. Daga nan saƙo yake sauka ta laka, ya fita a gaɓoɓin wuya na 3, 4 da 5 ta jijiyar firenik, ya je ga faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, dayafuram. Wasu jijiyoyin kuma su je tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari. Huhu shi kansa ba ya jan iska, tsokokin nan ne suke buɗa ƙirji iska ta faɗa.

Baba Mai Ritaya:
Yaro, jijiyar wuya kuma? Wadda in mutum ya yi fushi take tashi?

Auta:
A'a Baba, waccan ta jini ce. Wannan ta saƙo ce, fara, kamar zare, ba jini a cikinta. Hausa ce ta haɗa mana su da suna ɗaya, har da ta agara duk jijiya muke cewa. Shi ya sa wanda ya karye a can saman wuya numfashi yake tsaya masa sai da inji, alhali huhunsa lafiya lau. Layin ne ya yanke.

Baba Mai Ritaya:
Ikon Allah. Ci gaba muna ji.

Malam Na Kabuga:
Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aji na tarar an yi nisa. Auta ka yi ƙoƙari. Hajiya Maman Sadik, maganarki daidai ce ga mutumin da ke zaune. Tun 1905 Haldane da Priestley a Ingila suka nuna cewa kabon dayoksaid in ta ƙaru ko kaɗan ne, numfashi yana tashi sosai. Amma in aka zo motsa jiki, a nan gizo yake saƙar. In kika ɗebi jinin da ke fitowa daga zuciya zuwa jiki na mutumin da yake sassarfa, za ki tarar kabon dayoksaid ɗinsa tana nan wajen 40 a ma'aunin da ake auna ta, inda take yana zaune. In ma ya tsananta gudu, sauka take yi ƙasa da 40, ba hawa ba. To abin da bai ƙaru ba, ta yaya zai zama shi ya ninka numfashi?

Ku duba girman ninkin. Babba a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kowane ja kamar rabin lita, a dunƙule wajen lita 6 a minti. A gudu mai tsanani yana iya wuce lita 100, manyan 'yan wasa har su haura 150.

Maman Sadik:
Malam ka rikita ni. To ai tsoka tana ƙara fitar da kabon ɗin, wannan ba musu.

Malam Na Kabuga:
Tana ƙarawa ƙwarai Hajiya, ninki da yawa. Jinin da yake dawowa daga ƙafafu cike yake da ita. Amma kafin ya zagayo ta huhu ya kai inda masu ɗanɗana jinin suke, wato ƙwayoyin da suke jin taruwarta su ba da labari, an riga an ƙara numfashi an fitar da ita. Masu gadin ba su ga ɓarawo ba, don an tare shi tun a ƙofar gari. Tambayar ita ce wa ya tsegunta.

Alhaji Abban Walida, ka tuna da kyau. Yaushe numfashinka ya fara canzawa, bayan ka yi nisa ko tun takun farko?

Abban Walida:
Malam in gaya maka gaskiya, tun ina ƙasa. Na ɗaga kai na kalli matattakalar nan, na tattare bakin riga, sai na ji na ja wani dogon numfashi zuciyata ta fara bugawa. Ban taka ko ɗaya ba.

Malam Na Kabuga:
To ka ba da amsar da bakinka. A 1913 wasu mutanen Denmak biyu, August Krogh da Johannes Lindhard, suka ɗora mutane a keken gwaji suna auna numfashinsu. Suka ga yana tashi nan take da fara taka feda, tun jinin ƙafa bai isa ko'ina ba, don jini yana buƙatar daƙiƙu masu yawa kafin ya zagayo. Sai suka ce lallai saƙon daga sama yake. Wato lokacin da sashen ƙwaƙwalwa mai ba da umarnin motsi ya ce wa ƙafa taka, a daidai lokacin yake aika kwafin umarnin zuwa medula, cewa ga aiki nan tafe, a ƙara numfashi, a ƙara bugun zuciya.

Kamar uwar biki ce. Ba ta jira sai 'yan kawo amarya sun cika tsakar gida suna hamma sannan ta ɗora tukunya. Tana jin an ce motoci sun taso take ƙara sanwa.

Ɗan Fagge:
Wato ƙwaƙwalwar Alhaji tana ganin Dala ta ce inna lillahi.

Koci:
Malam ban ƙi ta taka ba, amma wannan ai tsoro ne ko zumuɗi. Yarana kafin a busa usur haka suke, musamman in za mu kara da 'yan wata unguwa. Wannan ba ya nuna ƙwaƙwalwa ce take auna aikin.

Malam Na Kabuga:
Tambaya mai kyau Koci, kuma an gwada. A 1972 Goodwin da McCloskey da Mitchell suka sa mutane su riƙe nauyi da dantse. Sai su ɗora wata na'ura mai karkarwa a kan jijiyar da ta haɗa tsokar da ƙashi, abin da yake sa tsoka ta ɗan ɗaure da kanta ta hanyar laka, ba da niyyar mutum ba. Nauyin bai canza ba, aikin tsokar bai canza ba, amma mutumin ya rage yunƙurin da yake yi daga kansa. Sai numfashi da bugun zuciya suka tashi ƙasa da yadda suka saba. Da suka juya abin, suka sa karkarwar a tsokar da take ja baya don ya ƙara yunƙuri, sai suka ƙaru. Nauyi ɗaya, numfashi daban, gwargwadon yunƙurin da kai ya yi.

A 1981 kuma Eldridge da abokan aikinsa a Amurka suka yi da kyanwoyi. An ba su maganin da ya hana tsoka motsi gaba ɗaya, aka zaburar da sashen ƙwaƙwalwa mai tayar da tafiya. Ƙafa ba ta motsa ba, ba a ƙona komai ba, amma saƙon da ke bin jijiyar firenik ya ƙaru kamar ana tafiyar.

Maman Sadik:
Allah sarki kyanwoyin.

Auta:
Malam amma a littafinmu an ce tsokoki ma suna aika rahoto sama. Ko shi ne na biyu?

Malam Na Kabuga:
Shi ne, kuma kada ka raina shi a jarrabawa. A cikin tsoka akwai siraran jijiyoyi iri biyu, ana ce musu rukuni na uku da na huɗu. Na ukun sun fi jin motsi da matsi, na huɗun sun fi jin sinadaran da aiki yake tarawa. Suna aika rahoto ta laka zuwa medula. Shi ya sa ko mutum yana kwance wani ya riƙa lanƙwasa masa ƙafa yana miƙewa, numfashinsa yakan ɗan ƙaru. A 2010 Markus Amann da abokansa suka yi wa masu tuƙa keke allurar fentanil a gadon baya, wadda ta dusashe rahoton da ke hawowa daga ƙafa amma ƙarfin ƙafar yana nan. Numfashinsu ya gaza yadda ya kamata, kabon dayoksaid ta taru. To kun ga uwar bikin ba da labarin tasowar motoci kawai take aiki ba, akwai yaran da suke shigowa da gudu suna cewa Inna an ƙaru, mota ta biyar ta tsaya.

Masu ɗanɗana jinin da Hajiya ta kawo kuma su ne masu gyaran gishiri. Wasu suna cikin medula, suna jin tsamin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Wasu suna wuya, dama da hagu, inda babbar jijiyar jini ta karotid ta rabu biyu, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Corneille Heymans ɗan Beljiyam ya samu kyautar Nobel ta 1938 a kan gano aikinsu. Har yau masana suna jayayya a kan kason kowanne cikin ukun nan, don in ka toshe ɗaya sauran sukan rufe gurbinsa.

Baba Mai Ritaya:
Subhanallah. Duk wannan ana yi mutum yana tafe yana lissafin kuɗin cefane.

Koci:
Na ji. Amma a amsa min wannan. In ba huhu ne yake buɗewa ba, me ya sa yaron da ya zo min yana haki a zagaye biyu, bayan wata uku yake yin goma yana hira? Wannan da idona nake gani, ba a littafi ba.

Malam Na Kabuga:
Abin da idonka ya gani gaskiya ne Koci, fassarar ce muka saɓa. Huhun babba ba ya wani ƙara girma da tirenin. Zuciya ce take ƙara yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini su yawaita a tsoka, tsokar kuma ta ƙware wajen amfani da oksijin. Akwai wani mataki da in aiki ya wuce shi, tsami yake fara taruwa a jini tare da laktet, sinadarin da tsoka take fitarwa in aiki ya tsananta. Jiki yana kashe tsamin da sinadarin bayikabonet, wannan kuma ya haifar da ƙarin kabon dayoksaid, 'yan ƙwayoyin wuyan nan su ji tsamin su ƙara ihu. Daga nan ne numfashi yake tashi fiye da aikin, magana ta gagara. Wanda bai saba ba yana isa matakin da wuri. Alhaji ya isa nasa a rabin Dala. Ɗan dakon Dawanau da yake sauke buhuna tun safe, ko mai tura kurar ruwa, nasa yana can nesa. Ga kuma yunƙuri: ƙafar da ta saba ba ta buƙatar dogon umarni, to kwafin da ake aika wa medula ma gajere ne.

Koci:
To ni dai sakamakon ɗaya ne a wajena, a yi zagaye.

Malam Na Kabuga:
A nan kam ba mu da faɗa.

Ɗan Fagge:
Koci tunda an zo nan, ni ina da ƙorafi. Muna yara in muka gama gudu muka dafa gwiwa sai mai horar da mu ya zabga mana bulala, wai mu miƙe mu ɗora hannu a ka. Wallahi ni dafa gwiwar ta fi min daɗi.

Koci:
Haka muka gada, kuma haka nake sa yarana. In ka sunkuya ka matse huhu. Sannan abokin karawa in ya ga ka dafa gwiwa ya san ka gama yawo.

Maman Sadik:
Ta biyun na yarda, ta farkon a'a. Ka shigo ɗakinmu ka ga mai asma ko tsohon da huhunsa ya lalace in numfashi ya tsananta. Ba wanda yake koya musu, za ka ga sun zauna sun karkato gaba sun dafa gwiwa ko bakin gado. In hannu ya kafu, tsokokin kafaɗa da na ƙirji suna samun madogara su taya ɗaga haƙarƙari. Mu da kanmu muke sa su zauna haka.

Koci:
Hajiya za ki ɓata min yara.

Abban Walida:
Malam saura ɗaya. Da na zauna a saman dutsen ina kallon rufin gidajen cikin gari har zuwa Goron Dutse, hakin ya ɗan faɗi nan da nan, amma sai da na yi kusan minti biyar kafin ya koma daidai. Tunda na daina takawa ai umarnin ya tsaya.

Malam Na Kabuga:
Faɗuwar farko ita ce tsayawar umarni da rahoton motsi, shi ya sa take zuwa lokaci guda. Sauran kuma bashi ake biya. Tsoka tana mayar da abin da ta kashe, tsamin jini yana sauka a hankali, jiki ya yi zafi, zafi kuwa shi kansa yana ƙara numfashi. Wanda ya taɓa buga ƙwallo da la'asar a watan Afrilu a garin nan, ana digiri 40, ya san wannan.

Maman Sadik:
Bari in sako wani abu tunda akwai iyaye a zauren. Yaran da suke zuwa wanka kududdufi ko wurin ninƙaya suna wata gasa ta daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Kafin su nutse sai su yi ta jan numfashi da sauri sau da yawa, wai suna tara iska. Ba abin da suke tarawa, jinin dama a cike yake, 97 ɗin nan ta Alhaji. Kabon dayoksaid suke zubarwa, ita ce kuwa mai ƙwanƙwasa ƙofa ta ce fito ka shaƙa. Sai oksijin ta ƙare a ƙasa ba tare da yaro ya ji matsuwa ba, ya suma a cikin ruwa shiru, ba ko fafutuka. Gwanaye ma yana kashe su. Don Allah a ja musu kunne.

Baba Mai Ritaya:
Innalillahi. Mu ma mun yi wannan a rafi muna yara. Allah ne ya tsare.

Auta:
Anti wannan ya tuna min wata cuta da ake haihuwar yara da ita, ba ta da yawa, matsalar ƙwayar gado ce mai suna PHOX2B. Ƙwaƙwalwarsu ba ta jin taruwar kabon dayoksaid, in sun yi barci sai an sa musu inji. Amma in suna tafiya ko gudu numfashinsu yana ƙaruwa. Da na karanta ban gane dalili ba sai yanzu.

Malam Na Kabuga:
To ka rubuta shi haka in an tambaye ka.

Abban Walida:
Wato dai lafiyata ƙalau, in ci gaba da hawa?

Maman Sadik:
Alhaji ba a ba da takardar lafiya a zaure. Shekarunka sun haura hamsin, ga sukari, ka koma wa likitanka ka gaya masa abin da ka fara, ya duba hawan jini da zuciya. Na'urar yatsa ba ta ganin zuciya. In ka ji ƙirji ya ɗaure ko ciwo yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko haki kana kwance, ko ƙafa ta kumbura, ba maganar tirenin ba ce, asibiti za ka nufa a ranar. Ƙarancin jini ma yana sa haki alhali na'urar tana nuna 98. Sannan hunturu na tafe, busasshiyar iska mai sanyi da ƙura tana tsuke hanyoyin iska ga masu asma, in ka ji ƙirji yana fito ko tari bayan motsa jiki ka faɗa masa. Kuma Dala ba wurin farawa ba ne. Ka fara da tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, da saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera karatu ba.

Koci:
Wannan ma'aunin nata daidai ne, ni ma da shi nake aiki. Alhaji ka zo ranar Asabar bayan asuba, akwai dattawa huɗu da nake zagayawa da su, ba gudu. Ka taho da na'urar, ina so in maƙala wa yarana bayan sun yi goma in gani da idona.

Malam Na Kabuga:
In ka maƙala ka jira hannun ya daina rawa tukuna. Kuma ka sa wani ya ƙirga musu numfashi na rabin minti tun suna layi kafin ka busa usur, ka gwada da na lokacin da suke zaune suna ɗaura takalmi.

Ɗan Fagge:
Ni zan zo ƙirga. A kan benci.

Abban Walida:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Jibi zan koma wajen likitan. Koci, Asabar ɗin ƙarfe nawa, kuma ta wace ƙofa ake shiga?

Koci:
Shida da kwata. Ka kira ni in ka iso, zan turo yaro. Kada ka zo da takalmin zuwa masallaci.